Ina son in sayi kason 'yan'uwana a gidan gadonmu, yaya zan yi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu shekara 6 da suka wuce, ya bar mahaifiyarmu da mu 'ya'yansa biyar, maza biyu da mata uku, kuma iyayensa sun riga shi rasuwa. Babban abin da ya bari shi ne gidan da muka taso a ciki a birnin Kano, wanda har yau ba a raba ba. Ni da iyalina da Hajiya ne muke zaune a gidan, kuma na kashe kusan naira miliyan 3 wajen sake rufi da gyaran katanga. Yanzu yayana yana son a sayar a ba kowa haƙƙinsa, ni kuwa ba na son gidan ya fita daga zuri'armu. Wani dillali ya ce zai kai miliyan 40. Ƙannena biyu da ke gidan aure sun ce in ba su duk abin da ya sawwaƙa, autarmu kuma shekararta 14. Ba ni da kuɗin a dunƙule. Shin ya halatta in sayi kasonsu, kuma ta wace hanya zan bi?

Daga wani ɗan'uwa a Kano

AMSA

Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Abin da kake son yi halal ne, kuma malaman fiƙihu suna kiransa taharuji, wato magaji ya karɓi kuɗi ko wata kadara ya fita daga gadon, ya bar kasonsa ga wani magajin. Tun zamanin sahabbai aka san shi, domin Tumadir, ɗaya daga cikin matan Abdurrahman ɗan Aufu, ta karɓi kuɗi daga sauran magada a madadin kasonta a zamanin halifancin Sayyidina Usmanu.

Kafin a yi maganar ciniki, wajibi ne kowa ya san abin da ya mallaka, saboda ba a sayar da abin da ba a san adadinsa ba. Za a fara biyan bashin mamaci idan akwai, sannan a zartar da wasiyyarsa matuƙar ba ta wuce sulusin dukiya ba. Idan babu ko ɗaya, kuma muka ɗauki ƙiyasin dillalin nan a matsayin misali, Hajiya tana da tumuni (kashi ɗaya cikin takwas) kamar yadda aya ta 12 ta Suratun Nisa'i ta bayyana, wato miliyan 5. Ragowar miliyan 35 za a kasa ta bakwai bisa ƙa'idar aya ta 11, namiji ya ɗauki rabon mata biyu, don haka kai da yayanka kowa yana da miliyan 10, kowace mace kuma miliyan 5. Ke nan abin da zai hau kanka miliyan 30 ne, ko 25 idan Hajiya ta riƙe nata.

Buƙatar yayanka tana kan hanya, kuma kada ka ɗauke ta a matsayin rashin kishin gida. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala, abin da ba ya rabuwa sai da cutarwa, idan ɗaya daga cikin masu tarayya ya nemi a sayar, ana tilasta wa wanda ya ƙi. Gida ɗaya na cikin gari da wuya ya yanku kashi shida ba tare da ya lalace ba. Sai dai kuma kana da taka damar, domin idan yayanka ya sayar da kasonsa ga bare kafin a raba, ku sauran masu tarayya kuna da haƙƙin shufu'a, wato ku karɓi kason a kan farashin da baren ya biya. Abin da ya fi sauƙi shi ne a tsayar da farashin gaskiya, kai kuma ka karɓi gidan a kansa.

Inda na fi jin tsoro a wasiƙarka shi ne maganar ƙannenka cewa ka ba su abin da ya sawwaƙa. Na ga gidaje da yawa inda mace ta faɗi haka saboda nauyin yayanta, ko don kada dangi su ce ta tayar da rigima a kan gidan ubanta, sannan bayan shekaru 'ya'yanta suka girma suka ji labarin, zumunci ya yanke, har aka kai ga kotu. Aya ta 29 ta surar da muka ambata ta ɗora halaccin ciniki a kan yardar juna, hadisi kuma ya tabbatar da cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Macen da ba a gaya mata cewa miliyan 5 take da shi ba, ba za a ce ta yafe ba, tunda ba ta san abin da ta yafe ba. Shawarata ita ce ka faɗa wa kowaccensu adadin haƙƙinta a gaban shaidu, ka ba ta lokaci ta yi shawara da wanda ta amince da shi ba a gabanka ba, kuma ka yi niyyar biyan ta cif. Idan kuɗin ya shiga hannunta ta ga dama ta mayar maka da wani abu, wannan kyauta ce sahihiya.

Haka kuma kada ka tsaya a kan bakin dillali ɗaya, musamman idan kai ne ka kawo shi. Ku nemi ƙwararren mai ƙiyasta kadarori wanda ke da rajista ya ba ku rahoto a rubuce, ku haɗa da dillalai biyu ko uku da suka san farashin unguwar, kuma yayanka ya kawo nasa. Farashin da za a yi aiki da shi na yau ne, ba na shekarar da mahaifinku ya rasu ba.

Kason autarku dukiyar marainiya ce, kuma babu wanda ke da ikon rangwanta ko sisi daga cikinsa, ko da Hajiya ce. Kai kuma da kake mai saye bai dace ka zama mai sayarwa a madadinta ba. Ku kai batun gaban alƙalin kotun shari'ar Musulunci, ya duba maslaharta, ya amince da farashin, ya kuma tsayar da wanda zai kula da kuɗin. Idan da hali, ya fi a saya mata fili ko wata kadara da sunanta, ko a bar mata kasonta a gidan har ta yi hankalin riƙe dukiya, domin miliyan 5 da aka ajiye a asusu ba za ta sayi abin da take saya yau ba nan da 'yan shekaru.

Game da kuɗin gyara, idan ka yi shi da sanin magada da niyyar za a biya ka, kuma kana da shaida ko rasit, sai a cire shi daga kuɗin gidan kafin rabo. Idan kuwa don kanka ka yi ba tare da shawara ba, to ka tuna cewa shekara 6 kana zaune a gidan da kashi uku cikin huɗu nasa ba naka ba ne, kuma babu wanda ya nemi haya. Sulhu ya fi a nan.

Biya kaɗan-kaɗan ya halatta idan an tsayar da jimillar kuɗin da ranakun biya tun a zaman ciniki, kuma a rubuta da shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni. Ana iya amincewa tun farko da farashin da ya ɗara na kuɗi hannu saboda jinkiri, amma ƙara wani abu daga baya don ka makara riba ce ta haram. Hanyar da na fi so gare ka ita ce ka sayi kaso ɗaya bayan ɗaya, ka fara da na yayanka tunda shi ke da buƙata, sauran kuma su ci gaba da zama masu gida tare da kai har ka samu hali, a yi cinikin kowa a kan farashin lokacinsa. Hajiya kuwa, ban ga dalilin da zai sa ta sayar ba, domin riƙe tumuninta yana tabbatar mata da cewa a gidanta take zaune.

Bayan an gama, ka karɓi takardar rabon gado daga kotu, lauya ya rubuta takardar miƙa mallaka, kowane magaji ya sa hannu da kansa, ba miji ko wa ya sa a madadinsa ba. Idan gidan yana da takardar shaidar mallaka ta gwamnati, sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya shar'anta amincewar gwamna kafin a sauya mai shi, kuma a Kano ta hukumar KANGIS, mai kula da bayanan filaye, ake bin wannan. Idan kuma irin tsofaffin gidajen cikin birni ne da ba su da ita, ka sanar da mai unguwa da dagaci su shaida cinikin, sannan ka nemi takardar da sunanka. Allah ne mafi sani.