Tambaya da Amsa: Bikin Kirsimeti na Farko Bayan Mutuwar Aure

Tambaya:

Mama, barka da aiki. Ni Kirista ce, ina zaune a cikin garin Katsina, kuma aurena na shekara tara ya mutu a watan Yuli, bayan dattawan ikilisiya sun yi iya ƙoƙarinsu na sulhu abin ya gagara. Kowace shekara a Malumfashi muke yin bikin Kirsimeti a gidan surukaina, ni ce ma mai dafa shinkafar gidan. Bana yaranmu biyu za su tafi can tare da mahaifinsu, ni kuwa zan wuni ni kaɗai a ɗakin da na kama haya. Tun da aka fara koyon waƙoƙin biki na daina zuwa majami'a, domin ba na iya jure kallon da ake yi mini da tambayar "ina maigida?" Shin zunubi ne idan na rufe ƙofata ranar 25 ga Disamba? Kuma wane bege ya rage wa mace irina?

'Yarki cikin Ubangiji, daga Katsina.

Amsa:

'Yata, sannu da haƙuri. Ba zan tambaye ki abin da ya kashe auren ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rufe ƙofarki ranar biki ba zunubi ba ne, kuma babu inda Littafi Mai Tsarki ya ɗora wa mai baƙin ciki dariyar dole. Duk da haka ba na so ki wuni ke kaɗai, kuma zan faɗa miki dalilina.

Mun saba ɗaukar Kirsimeti bikin gidajen da suke zaune lafiya, inda miji da mata da yara suke fitowa cikin anko, har wanda gidansa ya tsage ya ga kamar ba a gayyace shi ba. Amma ki buɗe Matiyu 1:19 ki ga inda labarin ya soma. Yusufu, da ya ga Maryamu da ciki, ya riga ya ƙudurta a ransa zai rabu da ita a asirce don kada ya tona mata asiri, sai da mala'ika ya yi masa magana a mafarki kafin ya fasa. Uwar Mai Cetonmu ta san yadda ake ji idan aure yana shirin watsewa, ta kuma san abin da bakin mutanen ƙaramin gari irin Nazarat zai iya faɗa.

Ki tuna kuma da Na'omi, wadda ta koma Baitalami, garin da aka haifi Yesu, bayan ta binne mijinta da 'ya'yanta maza biyu a ƙasar Mowab. Matan gari suka fito suna tambaya ko ita ce, kamar yadda ake kallonki yanzu, ita kuwa ba ta yi musu murmushin ƙarya ba. Ta ce su daina kiranta Na'omi, su kira ta Mara, wato mai ɗaci, domin ta tafi a wadace ta dawo hannu wofi. Allah bai hukunta ta saboda wannan magana ba. A gefenta a ranar akwai surukarta Rut, ita ma mijinta ya mutu, kuma ta wurin Rut ɗin aka sami Obida, kakan sarki Dawuda, har sunanta ya shiga jerin kakannin Yesu a Matiyu 1:5. Na'omi tana cewa hannunta wofi ne alhali abin da Allah zai yi aiki da shi yana tsaye kusa da ita.

A kan batun bege, dole in faɗa miki gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Ba ni da ikon yi miki alkawarin cewa maigidanki zai dawo, ko cewa wani zai fito kafin baɗi, kuma ki yi hattara da duk mai yi miki irin wannan annabci, musamman idan ya haɗa da neman kuɗi. Alkawarin da aka rubuta shi ne sunan jaririn, Imanuwel, Allah yana tare da mu, kuma Zabura 34:18 ta ce Ubangiji yana kusa da masu karyayyar zuciya. Wannan bai rataya a kan igiyar aure ba. Hannatu, wadda ta yi shekara bakwai kawai da mijinta sannan ta zauna gwauruwa har tsufa (Luka ya ambaci shekara 84), tana cikin mutane ƙalilan da suka gane jaririn ranar da aka kawo shi Haikali, ita ce kuma ta bi masu sauraron fansa tana ba su labari.

To, yaya za ki yi da ranar kanta? Ki tsara ta tun yanzu, kada ta same ki kwance cikin sanyin hunturu kina duba hotunan mutane a Facebook. Ki nemi mace ɗaya a Zumuntar Mata wadda kika amince da bakinta, ki roƙe ta ta biyo miki da safe ku tafi sujada tare, ku zauna wuri ɗaya. Wanda ya tambaye ki maigida, ki ce, "Ba ma tare yanzu, a sa mu cikin addu'a," ki yi shiru, domin babu wanda yake bin ki bashin bayani. A nan zan ɗan juya ga 'yan'uwana matan ikilisiya: kullum muna cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma idan bazawara ta shigo mukan gyara zama mu bi ta da ido. Wannan abin kunya ne a gare mu, kuma wadda ta san irin 'yar nan a unguwarsu ta je ta ƙwanƙwasa mata ƙofa kafin a roƙe ta.

Yaran kuma, ki daidaita da mahaifinsu ta bakin wani dattijo kan lokacin da za ki kira su a waya da ranar da za a dawo miki da su, kuma kada ki aike su da saƙon ɓacin rai. Idan kika ga makonni suna wucewa ba barci ba cin abinci, ko tunanin cutar da kanki ya fara zuwa miki, ki gaya wa fastonku ki kuma je asibiti a ranar, domin ganin likita ba ƙarancin bangaskiya ba ne.

Shinkafar nan da kika saba dafawa a Malumfashi, ki dafa ta bana ma, ko da mudu ɗaya ne. Ki zuba a kwanuka ki aika wa maƙwabtanki Musulmi waɗanda suke aiko miki da naman layya, ki ajiye kwano ɗaya domin matar da za ta rako ki gida daga majami'a. Bayan sabuwar shekara ki sake rubuto mini, ina so in ji yadda ranar ta kasance.