Tambaya da amsa: daga dala da agogo zuwa ƙirgan kwamfuta

Tambaya: Malam, ni mushe ne, wato malamin makaranta, a wata lakwal a unguwar Bagalam, nan Maradi. Yara na tambayata me ya sa kwamfuta ke ƙirga da 0 da 1 kawai. Ta ina zan faro?

Amsa: Mushe, faro daga abin da yara suka riga suka iya. Ɗan da ake aika kasuwa ya san dala ɗari ita ce 500 a rubuce, ya san minti 60 ke cika awa. Ke nan ya daɗe yana ƙirga da tushe iri-iri, wato adadin da gurbin lamba ke cika a kansa, kamar 60 a agogo. Ƙa'idar guda ce: in gurbi ya cika, sai a ɗauki ɗaya zuwa gurbin gaba.

Ka kawo ƙwayoyin wake a matsayin sefa ɗaya-ɗaya, da tsabar dala (5), da ta dala biyar (25). Ka ce su biya 38 da mafi ƙarancin tsaba. Za su ba da ta 25 guda, dala biyu, wake uku. Rubuta 123 a allo: wannan shi ne 38 a tushen biyar. Ka hana su cewa "ɗari da ashirin da uku", su ce "ɗaya, biyu, uku", don nan ne ruɗani ke shigowa.

Agogo ma da tarkonsa. Wanda ya buga 1.5 a kalkuletar salula ya zaci awa ɗaya da minti 50 ya kauce. Minti 30 ne, rabin 60.

Sannan kwamfuta. A cikinta wuta ko ta wuce ko ba ta wuce ba, shi ya sa gurbinta ke cika a biyu. Jera kwano huɗu daga dama zuwa hagu: 1, 2, 4, 8. Kwano mai wake 1 ne, wofi 0. Don samun 13 sai 8 da 4 da 1, wato 1101. Kada ka yi gaggawa a nan, bari kowa ya gwada da hannunsa.

Tambaya: Na sayi katin memori mai giga 32, kwamfuta ta nuna 29.8. An cuce ni?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Kamfani na ƙirga da 1000, Windows kuma da 1024, wato 2×2×2… har biyu guda goma. Giga 32 a ƙirgan kamfani biliyan 32 ke nan; raba ta da 1024 har sau uku, 29.8 za ka samu. Katin jabu kuwa yakan nuna girma cikakke, amma da ka cika shi sai hotuna su ƙi buɗuwa.