Daga fatauci zuwa siyasa: ko ɗan kasuwa zai kai labari?

Malam, ka tambaya ko ɗan kasuwar bakin iyaka zai iya kai labari a siyasar Sakkwato, ko sai 'yan boko da masu sarauta. Zai iya mana. Dubi Alhaji Attahiru Bafarawa, mutumin ƙaramar hukumar Isa: da kasuwanci aka san shi, ya fara siyasa daga matakin kansila, ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, har ya nemi shugabancin ƙasa a jam'iyyar DPP.

Ni a ganina jarin falke jama'a ne, kuɗi na biye. Wanda ya shekara yana kai kaya tsakanin Illela ta jihar Sakkwato da Ƙonni ta Nijar ya san dillalai da direbobi da fatoma, ya ba da bashi ba takarda an kuma biya shi. Ranar zaɓe waɗannan ne masu fita da sassafe. Kuma da aka rufe iyaka a 2019, irinsa ne suka san gidajen da tukunya ta daina hawa wuta.

Inda ake samun matsala, wasu kan ɗauki baitulmali kamar aljihun shago, su ga majalisa tamkar yaran kanti. Kafin ka mara wa ɗan kasuwar yankinku baya, tambayi abokan cinikinsa yadda yake riƙon amana.