Ɗumamen shinkafa, nonon da ba a tafasa ba, da zawon yara: likita ya amsa

Wata uwa daga unguwar Zariya a Maraɗi ta rubuto: "Likita, na dafa shinkafa da daddare, ta kwana a tukunya a rufe. Da safe na ɗumama ta har ta yi tururi, ba wari ba yauƙi. Kafin azahar yarana uku suna ta amai. Ina kuskuren yake?"

Ƴar'uwa, Allah Ya ba yaran lafiya. Ɗumamarki ba ta da laifi, kwanan da shinkafar ta yi ne ya jawo. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke zaune cikin ƙasa, tana zuwa tare da ɗanyar shinkafa. Idan ta ji wuta sai ta lafe cikin wani ɓawo mai tauri da tafasa ba ta fasa shi. Da zarar zafin abincin ya sauko ƙasa da digiri 60 sai ta farfaɗo, yawanta yana ninkuwa kusan duk rabin awa, tana zuba dafi cikin shinkafar. Ɗumama tana kashe ƙwayar, dafin kuwa ko gezau, kuma ba shi da wari balle ɗanɗano. Shi ne ke sa amai awa ɗaya zuwa biyar bayan ci.

Wani masani ɗan ƙasar Norwe, Steinar Hauge, shi ya tabbatar da illar wannan ƙwaya a shekarun 1950. Ya raine ta cikin wani romon zaƙi, ya sha da kansa, bayan awa 13 ciwon ciki da zawo suka kama shi. Nau'in mai sa amai kuwa an gano shi a Ingila a 1971, daga soyayyar shinkafar gidajen abinci.

Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye, a zafin bazarar Maraɗi kuwa awa ɗaya. Mai firigo ta juye ragowar a faranti mai faɗi, kaurinta kada ya wuce yatsu uku, ta sa a ciki ba tare da jiran ta huce sarai ba, kuma a cinye washegari. Tukunya guda ba ta yin sanyi har tsakiya da wuri. In an ɗauke wuta, firigo a rufe yana riƙe sanyi kamar awa huɗu. Wadda ba ta da shi ta auna daidai cin dare. Na san zubar da abinci yana da ciwo a wannan tsadar, shi ya sa nake cewa a rage awo tun daga tukunya. Taliya da dambu ma haka suke.

Wani magidanci daga Tibiri: "An ce tsamin nono yana kashe cuta. Gaskiya ne?"

Malam, tsami yana rage wasu ƙwayoyin, bai isa a dogara da shi ba. Madarar da ba a dafa ba tana iya ɗauko Brucella, mai sa zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi har a yi ta shan maganin zazzaɓin sauro a banza, da kuma tarin fukan shanu. A tafasa madara, ta huce a rufe, sannan a zuba mata ɗan tsohon nonon da shi ma daga tafasasshiya aka yi. Ruwan dama fura da ƙanƙarar da ake jefawa su ma sai masu tsabta.

Daga Jiratawa: "Wanke salati sau ɗaya ya isa?"

A'a. A cire ganyen waje, a wanke ganye-ganye da ruwan da za a iya sha, ana canza ruwan. Kada a yanka shi da wuƙar da ta taɓa ɗanyen nama. Lokacin kwalara, irin wadda ta ɓulla a Madarunfa a daminar 2018, a koma dafaffen ganye.

Wata kaka daga Bagalam: "Jikana ɗan wata goma yana zawo, in ba shi Flagyl?"

Hajiya, kada ki ba shi sai ma'aikacin lafiya ya rubuta. Ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe yaro. Ki kaɗa fakitin SRO ɗaya, wato garin gishiri da sukari na maganin ƙarewar ruwan jiki, cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce. In babu, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin litar. Bayan kowane zawo a ba shi kwata zuwa rabin kofi, da cokali, sannu a hankali. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba. Uwarsa kada ta daina shayar da shi, kuma a karɓo masa zinc, miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14. In kin ga jini a kashin, ko idanu sun faɗa, ko maɗiga ta loɓa, ko ya ƙi shan komai, ku tafi likita nan take, ko da tsakar dare ne.