Tambayi Malam: Kalma mai haruffa 45

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a sakandare, a Gwammaja nake. Makon jiya aka yi gasar muhawara da mu, wani yaro ya miƙe ya sako wata kalma da sai da ya ja numfashi a tsakiyarta. Ɗakin taro ya kaure da tafi, su suka tafi da kofi. Na sa ya rubuta min ita a bangon littafina: pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis. Don Allah da gaske kalma ce, ko shirya ta ya yi? Kuma in haddace irinta saboda WAEC?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Kalma ce, haruffanta 45, tana cikin babban ƙamus na Oxford. Amma zarginki bai faɗi ƙasa ba, shirya ta aka yi, sai dai ba yaron nan ya shirya ba. A Amurka aka haife ta a 1935, a wata ƙungiya ta masu wasa ƙwaƙwalwa da kalmomi, kuma shugabansu Everett Smith ake jingina wa ita. Da gangan aka yi ta jan ta don ta fi kowace tsawo.

Kada tsawon ya razana ki. Kin taɓa tsayawa kina kallon mahauci a Kasuwar Rimi? Ba ya sara inda ya ga dama, gaɓa yake lalube da bakin wuƙa, cinya ta fita salin alin. Haka za ki yi mata. Pneumono huhu ne. Ultra, abin da ya wuce kima. Microscopic, mitsitsin abin da ido ba ya gani sai da madubin likita. Silico, sinadarin da ke cikin yashi da dutse. Volcano, dutse mai aman wuta. Coni ƙura ce a Girkanci, osis kuma cuta. Ki haɗa: ciwon huhu daga shaƙar ƙurar dutse mai laushin gaske. Shi ke nan, ba aljani a ciki.

Ita cutar ba wasa ba ce. Masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai take kamawa, ƙurar ta yi shekaru tana taruwa tana yi wa huhu tabo, mutum ya yi ta tari, numfashi na yi masa wuya, kuma tabon ba ya gogewa. Amma likitan da zai rubuta ta a kati silicosis zai rubuta, haruffa 9, ya kira na gaba. Wa ke da lokacin 45 ga layi har bakin ƙofa?

Tana da 'yan uwa biyu da 'yan muhawara ke so. Antidisestablishmentarianism, haruffa 28, ita kam tana da tarihi. Cocin Ingila cocin gwamnati ne, sarkin ƙasar ne shugabansa har gobe. A ƙarni na 19 wasu suka ce a raba coci da gwamnati, wasu suka ce ba su yarda ba. Establish kafawa, dis warware abin da aka kafa, anti adawa da warwarewar, ism aƙida. Wato aƙidar masu cewa a bar shi yadda yake. Mu ma ai muna irin wannan ɗinki: daga ƙira kika samu maƙeri, maƙera, ƙere-ƙere. Bature dai ya fi mu haƙurin jera faci.

Ɗayar, floccinaucinihilipilification, haruffa 29, kalmomin Latin huɗu aka ɗaure wuri guda, kowace na nufin abin da bai kai komai ba. Ma'anarta ɗaukar abu a banza. Ni dai ban ga kalmar da ta fi ta dacewa da kanta ba.

Batun tafi kuwa, mun saba. Lokacin da Patrick Obahiagbon na Edo yake Majalisar Wakilai, jama'a kan tattaru gaban talabijin don jin yadda yake ɓarin Turanci, a yi dariya a watse. Marigayi Ɗan Masanin Kano Maitama Sule kuwa in ya kama magana da Turancin nan, tsit ake yi, kuma ba ka neman ƙamus.

Dogon Turancin da nake so ki ji tsoro ba a dandalin muhawara yake ba. Bara wani maƙwabcina mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya same ni bayan sallar isha'i, ya zaro takardar hayar shagonsa daga aljihun gaba, duk ta yi laushi don ninki. An ce ya tashi, alhali ya biya kuɗin shekara biyu. Yana ta nuna min layin shekara biyun da ɗan yatsa, "Malam ga shi nan, ga shi nan." Na haska fitilar waya na gangara ƙasa, sai ga sakin layi ya fara da notwithstanding the foregoing. Ma'anarsa: duk da abin da aka faɗa a sama. Abin da ya biyo baya ya ba wanda ya ba shi hayar damar karɓar abinsa da sanarwar wata uku. Haruffa 15 ne notwithstanding, ba wanda zai tafa miki a kanta, amma ita ta kwashe masa shago. Da na fassara masa sai ya yi shiru, ya ninke takardar, ya ce, "Ashe a nan ƙasa maganar take."

Irin su za ki sa a gaba: hereinafter, abin da za a riƙa kira kaza daga nan zuwa ƙasa, aforementioned, wanda aka ambata a baya, null and void, ya rushe, kamar ba a yi ba.

WAEC kuwa ba ruwanta da kalma mai haruffa 45, ki sa ta a insha'i ki kuskure harafi ɗaya ki jawo wa kanki. Fara da accommodation: c biyu, m biyu. Na yi shekaru a aji ina ja mata jan biro, har yau ba ta bar ni na huta ba.