Me Ya Sa Gwangwanin Lemo Ya Sirance?

Tambaya: Malam, ina sayar da lemo a Agege, kuma masu saye suna ƙorafi cewa sabon dogon gwangwani ragi ne aka yi musu. Gaskiya ne?

Amsa: Alhaji, ido yana iya yaudara, don haka a duba adadin da aka rubuta a jikinsa, idan mililita 330 ne kamar na da, siffa kawai aka sauya. Abin da ya fi damuna shi ne inda gwangwanin yake ƙarewa, domin wanda aka yar yana taimakawa wajen toshe magudanan Legas da damina, alhali sake narka alminiyam yana rage kusan kashi 95 cikin ɗari na makamashin da haɗa sabo yake ci. Ka riƙa tara wa 'yan bola jari shi.