Ta yaya zan san VPN yana kare sirrina?

Tambaya: Tun lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a watan Yunin 2021 na sauke wata manhajar VPN ta kyauta, wato manhajar da ke ɓoye zirga-zirgar mutum a intanet, kuma har yau ina kunna ta. Ina ganin alamar makulli a saman wayata, amma ta yaya zan tabbatar tana kare sirrina da gaske?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Malam, makullin nan yana nuna cewa manhajar ta haɗu ne kawai, ba ya nufin babu inda take yoyo. Ka kashe VPN ɗin, ka buɗe shafin ipleak.net, ka rubuta lambar IP da ka gani, wato adireshin wayarka a intanet, a takarda, sannan ka kunna shi ka sake buɗe shafin. Idan lambar ba ta canja ba, to babu abin da aka ɓoye.

Gwaji na biyu ya fi muhimmanci, domin a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Duk lokacin da ka rubuta sunan wani shafi, sai wayarka ta tambayi adireshinsa wurin sabar DNS, wato kwamfutar da ke fassara sunayen shafuka zuwa adireshi, kuma idan tambayar ta bi ta wajen VPN, kamfanin layinka yana ganin sunan kowane shafi da ka shiga ko da lambar IP ɗinka ta nuna kana wata ƙasa kamar Jamus. Ka shiga dnsleaktest.com; idan sunan MTN ko Airtel ya fito alhali VPN yana kunne, akwai yoyo. Ka kuma kunna tsarin da ke katse intanet da zarar VPN ya yanke.

Sai dai abin da ya fi damuna shi ne kalmar "kyauta" da ka ambata, domin waɗannan gwaje-gwajen ba za su nuna maka abin da mai manhajar yake yi da bayananka ba, alhali duk zirga-zirgarka ta hannunsa take bi. Misali, Facebook ya sayi kamfanin Onavo a 2013, ya riƙa amfani da VPN ɗin Onavo na kyauta wajen sanin manhajojin da mutane ke amfani da su, har aka cire shi daga kantin manhajojin Apple a 2018. Saboda haka ka bincika wane ne mai kamfanin, kuma ko ya taɓa barin masu bincike daga waje su tantance iƙirarinsa na rashin adana bayanai. Idan ba ka samu amsa ba, ka goge manhajar.